Amshin da ke Tsufa da Mai Shi: Nazari kan Luke Combs da Hikimar Waƙar Kantiri

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin masu sharhin kiɗa, a Amurka da wajenta, cewa waƙar kantiri waƙar marasa zurfin tunani ce. Su ce ba ta wuce motar akori-kura da kwalbar giya da budurwa da hanyar da ba kwalta ba, kuma wanda ya ji guda ɗaya ya ji dubu. Da Luke Combs ya fitar da kundinsa Fathers & Sons ranar 14 ga Yunin 2024, kwana biyu kafin ranar da Amurkawa suka keɓe domin girmama ubanni, sai wani ƙorafin ya biyo baya: waƙoƙi goma sha biyu duk a kan jigo ɗaya, babu ta rawa, babu wadda za ta tayar da filin wasa. Ƙorafin farko da na biyu tushensu ɗaya, wato sauraren fatar waƙa ba tare da duba yadda aka gina ta ba. Ina ganin wannan kundi shi ne aikin da ya fi nuna girman Combs a matsayin marubucin waƙa, kuma ya yi hakan ne da wata tsohuwar dabara ta kantiri wadda masu raina salon ba su taɓa tsayawa sun auna ta ba.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. A 1925 gidan rediyon WSM na birnin Nashville ya fara shirin da daga baya ya zama Grand Ole Opry. A 1927 Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol, kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalin Carter. Daga nan kiɗan manoma da masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa ya bunƙasa a faifai. Hank Williams, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana ɗan shekara 29, shi ya tsayar da ma'aunin da ake bi har yau: kalmomi kaɗan, na yau da kullum, kowacce da nauyinta. Mu kanmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya girma da rediyo da kaset a ƙasar nan ya san muryar Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton, balle Don Williams, wanda son da Afirka ke yi masa ya kai shi har birnin Harare ya yi wasa a 1997.

Masu cewa kiɗan fararen fata ne zalla ba su karanta tarihinsa ba. Banjo, wanda shi ne tambarin kiɗan a farkonsa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi, kuma wanda ya san gurmi da garaya zai gane danginsu da gani: ƙoƙo, fata, sanda, tsirkiya. Baƙar fata mai suna Rufus Payne ne ya koya wa Hank Williams kaɗa jita a titunan Alabama. Lesley Riddle, shi ma baƙar fata, shi ya yi ta yawo da A. P. Carter suna tattara tsofaffin waƙoƙi a ƙauyuka. Kamfanonin faifai ne suka raba kasuwar gida biyu, faifan baƙaƙe daban, na fararen karkara daban, domin ciniki. Wariyar da ta biyo baya gaskiya ce, kuma har yau Nashville ba ta gama wanke kanta ba. Shi kansa Combs a 2021 ya fito fili ya nemi gafara kan hotunansa na baya da aka ga tutar 'yan tawayen kudancin ƙasar Amurka, waɗanda suka yi yaƙi domin a ci gaba da bauta. Amma laifin masu kasuwa ba ya soke hikimar masu waƙa, kuma hikimar ce abin nazarinmu.

An haifi Combs a 1990, ya tashi a Asheville ta jihar Karolina ta Arewa, shi kaɗai wurin iyayensa. Ya bar jami'a bai kammala ba, ya koma Nashville a 2014, ya fitar da kundinsa na farko a 2017. Abin da ya ɗaga shi a lokacin murya ce mai kauri da ƙarfi, da waƙoƙin da dubban mutane za su iya amsawa tare a filin ƙwallo. A cikinsu akwai na rabuwar masoya, akwai na barkwanci, akwai wadda ta yi tashe a 2019 tana yabon giya a kan cewa ita ce ba ta taɓa cin amanarsa ba. A nan masu suka suna da gaskiya, domin irin waɗannan waƙoƙi jerin kaya ne kawai, kowane baiti yana ƙara abu a kan abu ba tare da ya matsar da mai saurare daga inda ya same shi ba. Sun kawo masa kambun gwarzon mawaƙin shekara na ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA a 2021 da 2022. Ba su ne suka mai da shi marubuci ba.

Dabarar da nake nufi ta shafi amshi. Mai karatu ya san yadda gindin waƙa yake aiki a wurin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Shata: jagora yana kawo ɗiya, 'yan amshi suna komawa gindi, gindin kuma yana nan daram, shi ne turken da waƙar ke zagayawa. Ma'anarsa a farko ita ce ma'anarsa a ƙarshe, kuma ƙarfinsa ke nan, domin sarautar da ake yabo ba a so ta girgiza. Marubutan Nashville sun ɗauki hanya ta daban. Su ma suna tsayar da kalmomin amshi, wani lokaci ko harafi ba sa canzawa, amma suna tura shekaru tsakanin baiti da baiti, ta yadda duk sanda aka dawo kan amshin, mai faɗarsa ya sauya, ko wanda ake faɗa wa ya sauya, ko abin da ake tsoro ya sauya. Abin ya yi kama da ƙofar zauren gida: yaro ya fita ta cikinta da allo a hannu, ya shigo ta cikinta da amarya, wata rana a fitar da shi ta cikinta a makara. Ƙofar ba ta motsa ba, amma wucewa uku ce mabambanta.

Misalin da kowane ɗalibin wannan salo yake farawa da shi shi ne "Don't Take the Girl", wadda Tim McGraw ya rera a 1994. A baitin farko yaro ɗan shekara takwas yana roƙon mahaifinsa kada ya haɗa su da wata yarinya a tafiyar kamun kifi, ya zaɓi kowa cikin abokansa amma ban da ita. A baiti na biyu shekara goma sun wuce, yarinyar ta zama budurwarsa, ɗan fashi ya tare su, sai roƙon ya koma wurin ɗan fashin: ya ɗauki kuɗi da agogo da mota, ya bar ta. A baiti na uku tana kan gadon haihuwa rai a hannun Allah, sai ya durƙusa, roƙon ya zama addu'a. Buƙata ɗaya ce aka maimaita sau uku, ta tashi daga ƙyamar yarinta ta bi ta soyayya ta ƙare a gaban Mahalicci. Marubutan ba su ce yaron ya girma ba, ba su ce ya gane darajar abin da ya raina ba. Mai saurare ne ya faɗa wa kansa. George Strait ya bi irin wannan tsari a 1990 cikin "Love Without End, Amen", inda sirrin da uba ya faɗa wa ɗansa bayan ya yi faɗa a makaranta ya zama sirrin da shi ma ya faɗa wa nasa ɗan.

Combs ya fara gwada hannunsa a wannan gini da "Even Though I'm Leaving" a 2019, wadda ya rubuta tare da Wyatt Durrette da Ray Fulcher. Yaro yana tsoron duhu, yana roƙon mahaifinsa kada ya fita daga ɗakin, uban ya kwantar masa da hankali da alkawarin cewa nisan jiki ba ya raba su. Sai yaron ya girma zai tafi aikin soja, yanzu shi ne mai tafiyar, amma tsoron yana nan, alkawarin ma yana nan. Sai baiti na uku, uban yana kan gadon ajali. Waƙar tana da kyau, kuma ta sa maza da yawa hawaye. Sai dai aikin ɗalibi ne mai hazaƙa da ya haddace darasi. Kafin a gama baiti na biyu, wanda ya san salon ya riga ya hango makara a baiti na uku. Mutuwa ita ce sandar da marubucin kantiri ya fi saurin dogarawa, domin tana jawo hawaye ko da ginin bai yi ƙwari ba.

A nan ne Fathers & Sons ya nuna bambanci. Combs ya rubuta mafi yawan waƙoƙin tare da abokan aikinsa, kamar yadda al'adar Nashville take, bayan ya haifi 'ya'ya maza biyu a 2022 da 2023. Na biyun ya zo duniya ne uban yana can Ostireliya yana zagayen wasa, kuma ya faɗa da bakinsa cewa rashin halartar haihuwar ya yi masa ciwo ƙwarai. Kiɗan ya yi sanyi: jita marar lantarki, gogen Turawa, da jitar kwance da ake goga wa ƙarfe. Muryar da ta saba cika filin wasa ta sauko, tana magana kamar da mutum ɗaya. Amma sanyin kiɗa ba shi ne girma ba, kowa zai iya rage ganga. Girman yana cikin abin da ya yi da amshi.

Mu ɗauki "Huntin' by Yourself". Uba ya ɗauki ƙaramin ɗansa zuwa farauta. Yaron ba ya zama wuri ɗaya, surutunsa yana korar namun daji, kuma duk mafarauci ya san ranar ta lalace. Da farko mai saurare zai ɗauka farautar kaɗaici ita ce abin da uban ya rasa, wato kwanciyar hankalin da yake da ita kafin a haifi wannan mai surutu. Kafin amshin ya rufe, kaɗaicin ya juya fuska: shi ne abin da ke jiran uban a gaba, ranar da yaron zai girma hankalinsa ya koma wani wuri. Babu wanda ya mutu, babu asibiti, babu yaƙi. Abin da ya faru bai wuce abin da ke faruwa a kowane gida ba, yaro ya girma. Kuma juyin da tsofaffin waƙoƙi ke buƙatar baiti uku da shekara talatin kafin su kai gare shi, Combs ya naɗe shi cikin amshi guda, ta yadda duk maimaitawa uban yana cikin daɗin ranar kuma yana cikin kewarta a lokaci ɗaya. Wannan ya fi kashe uba a baiti na uku wuya nesa ba kusa ba.

"Remember Him That Way" ta bi ta wata hanyar. Ta buɗe da tsoho ya yi barci a kujerarsa gaban talabijin, ƙarfi ya tafi. Amshin kuma yana kawo mutumin da ɗan ya sani yana yaro, ƙaƙƙarfa, da kayan gyara a hannu, wanda ba abin da ke gagararsa. A nan an juya tsarin ne gaba ɗaya. Baitocin ne ke tsufa, amshin ya ƙi tsufa, kuma ƙin nasa shi ne labarin. Duk sanda aka koma kansa, ratar da ke tsakanin tsohon da ke kujera da gwarzon da ke cikin zuciyar ɗan tana ƙara faɗi. Ɗan bai ce yana tsoron rasa mahaifinsa ba. Ya dai nace a kan hoton da ya zaɓa, mu kuma muna jin tsoron ta cikin nacin.

Ita kuwa "The Man He Sees in Me" tana kallon wannan al'amari daga ɗaya gefen. Yanzu Combs ne gwarzon da ke cikin idon yaro, kuma ya san bai kai ba. Waƙar ta ginu a kan tazarar da ke tsakanin mutumin da yaron yake gani da mutumin da uban ya san shi ne, da fatan ya cike tazarar kafin yaron ya yi wayon gane ta. Idan aka ajiye ta kusa da wadda ta gabata, sai a ga amfanin tsayawa kan jigo ɗaya da masu suka suka ƙi gani. Waƙoƙin suna amsa wa juna. Abin da ɗa yake riƙewa game da mahaifinsa a waccan, shi ne abin da uba yake fargabar ɗansa zai saki a wannan. Kundin gaba ɗayansa ya zama waƙa mai baiti goma sha biyu, jigon ya tsaya a matsayin amshi, masu magana suna sauyawa: ɗa, uba, jika, mai barin wasiyya.

Wadda ta rufe kundin ita ce mafi ƙarfin hali. Ta ari sunanta daga "Take Me Out to the Ball Game", waƙar nishaɗi ta 1908 da Amurkawa ke rerawa tare a filayen ƙwallon gora, wadda kowane yaro a can ya haddace. Combs ya sa wannan suna a bakin yaron da iyayensa suka rabu, yana roƙon mahaifinsa ya zo ya kai shi kallon wasa. Baitin farko na wannan gini ba ya ma cikin waƙar, yana cikin ƙwaƙwalwar mai saurare, wanda ya san sunan da murna tun yana ƙarami. Marubucin ya dogara da abin da al'umma ta riga ta sani, ya juya shi da motsi ɗaya. Sannan muryar ba tasa ba ce. Mutumin da ya yi suna da waƙar abin da ya sha da wadda ta yaudare shi ya fita daga rigarsa ya shiga ta yaron da ba nasa ba. Marubuci ba ya balaga sai ya iya wannan.

Ina zargin darasin ya zo masa ta hannun Tracy Chapman. A 2023 Combs ya sake rera "Fast Car", waƙarta ta 1988, wadda ya ce ya fara jin ta ne a kaset cikin motar mahaifinsa. Bai canza mai maganar daga mace zuwa namiji ba, ya bar ta yadda mai ita ta rubuta. Waƙar ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin rediyon kantiri, Chapman ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, kuma su biyun suka rera ta tare a bikin Grammy na 2024. Wanda ya san waƙar ya san motar da ke cikinta tana farawa ne a matsayin hanyar tsira daga talauci da uba mashayi, ta ƙare a matsayin abin da za a ce wa miji ya ɗauka ya tafi. Mutumin da ya kwashe watanni yana rera wannan kowane dare a gaban jama'a ba zai koma teburin rubutu yadda ya bar shi ba.

Ba duka kundin ne ya kai wannan mataki ba. Akwai inda tsohuwar ɗabi'ar jera kaya ta dawo, takalma da laka da motoci da sandar kamun kifi, kamar ana cike gurbi. Akwai inda nasiha ta fito tsirara, uba yana lissafa wa ɗa abin yi da abin bari, kuma nasiha idan ba a saka ta cikin labari ba huɗuba ce. Sannan uwa ba ta samu wurin da ya kamace ta ba. Waɗannan aibobi ne na gaske, amma uku ko huɗu daga cikin waƙoƙin sun isa su ɗauki sauran.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin da ya sa wannan dabara ta samu gindin zama a kantiri fiye da kowane salo. Mutanen da suka haifi kiɗan nan, manoma da direbobi da leburori na kudancin ƙasar Amurka, mutane ne da aka tarbiyyantar a kan cewa namiji ba ya bayyana abin da ke ransa. Uba zai koya wa ɗansa gyaran inji shekara ashirin bai taɓa ce masa yana son sa ba. Amshi mai juyawa shi ne mafitar da fasaha ta samar wa irin wannan mutum. Yana maimaita magana ɗaya mai sauƙi, ta farauta ko ta mota ko ta wasa, ya bar shekaru su zuba mata abin da bakinsa ba zai iya furtawa ba. Kawaici ne aka mayar da shi zubi da tsari. Ina ganin shi ya sa Don Williams ya shiga zukatan iyayenmu, har da waɗanda Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Sun ji mutum mai nauyin baki, sun gane shi. Bahaushen da ba ya kiran sunan ɗan farinsa, wanda zai sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta amma ba zai yaba wa yaron a gaban idonsa ba, ya fi kowane mai sharhi na birnin New York sanin abin da waɗannan waƙoƙi ke yi.

Daga nan nake auna girman kowane marubucin waƙa, a Nashville yake ko a Kano. Ba na duba yawan kayan kiɗan da ya ƙara, ko sabon salon da ya aro, ko manyan kalmomin da ya koyo. Ina duba yawan abin da ya yarda ya bari bai faɗa ba, da yadda ya amince mai saurare zai cike gurbin da rayuwarsa. Matashin mawaƙi yana faɗin komai domin yana tsoron kada a rasa gane shi. Wanda ya daɗe ya ga daɗau ya san jimla ɗaya, idan an ajiye ta a wurin da ya dace sau uku, ta fi baiti hamsin. A kan wannan ma'auni, Combs na 2017 mawaƙi ne mai murya, na 2019 ɗalibi ne mai kwaikwayon malamai, na 2024 kuwa marubuci ne.

Kirana ga matasan mawaƙanmu shi ne su saurari wannan kundi da kunnen masu sana'a. Muna da waƙoƙin soyayyar saurayi da budurwa har sun yi yawa, muna da na yabon masu mulki da masu kuɗi, muna da na begen uwa masu taɓa zuciya. Uban da ke fita da asuba ya dawo bayan isha, da ɗan da ya fara ganin furfura da rawar hannu a jikin mutumin da yake ɗauka ba ya gajiya, har yanzu suna jiran mai yi musu waƙa. Amshi kuwa gadonmu ne tun kafin a kafa Nashville. Abin da ya rage shi ne a samu wanda zai bar shi ya tsufa tare da mai rera shi.